ABINCIN BAREWAR ƘASASHEN SANYI DA GISHIRIN DA JIKINTA KE NEMA

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata dabbar daji ne wadda ba ta zama a ƙasarmu, amma in ka fahimci yadda take ci, za ka ƙara fahimtar ragon da ke ɗaure a gidanku. Tambayar da za mu bi ita ce: yaya dabba ke rayuwa a ƙasar da ciyawa ke daina tsiro wata huɗu ko biyar a shekara, ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba kuwa mai yanko mata harawa? Sa'an nan me ya sa dabbar da aka sani da cin ganye za a tarar da ita tana tauna ƙashi?

Ta'arifi

Kafin mu yi nisa, bari mu gyara suna. Barewar da muka sani, da gada, da mazo, da mariya, da gwanki, duk dangin saniya da akuya ne. Ƙahonsu ƙashi ne a ciki, an rufe shi da kube irin abin da ke yin farce da kofato. Ba ya yin rassa, ba ya faɗuwa, dabbar kan mutu da abinta. Wadda muke magana a kanta kuwa danginta dabam. Larabawa na ce mata "ayyil", don su bambanta ta da "gazal". Ƙahonta zallan ƙashi ne, yana yin rassa kamar itace, kuma kowace shekara yakan faɗi wani sabo ya tsiro. Galibi namiji kaɗai ke da shi. A duk nahiyarmu ta Afirka, wuri ɗaya ake samun wannan dangi a matsayin ɗan asali, watau dazuzzukan arewa, wajen iyakar Aljeriya da Tunisiya, sai kuma Maroko inda aka sake mayar da shi. Tun da ba mu da wani suna nata na musamman, mu ci gaba da ce mata barewa.

Iri huɗu za mu riƙa ambata: jar barewa ta Turai, da mai farar wutsiya ta Amurka, da barewar ƙanƙara ta can ƙuryar arewacin duniya wadda Turawa ke kira rendiya, da babbarsu duka mai suna mus, wadda ta fi doki tsawo.

Fasali na farko: cikin da ke sarrafa abincin

Barewa mai tuƙa ce, kamar tunkiya. Cikinta ɗaki huɗu ne, babban ɗakin shi ne tumbi. A cikin tumbin nan akwai ƙananan halittu bila adadin, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narka ganye su mai da shi abin da jiki zai amfana da shi. Ka riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa: dabbar tana ciyar da waɗannan halittu ne, su kuma su ciyar da ita. Kowane irin abinci da irin halittun da suka iya narka shi, kuma in abinci ya sake, sai sun ɗauki makonni kafin su daidaita.

Wani masani Bajamushe, Reinhold Hofmann, ya kasa masu tuƙa gida uku. Akwai masu tsince-tsince, waɗanda suka fi neman ɗanyen toho da fure da 'ya'yan itace, kamar gada da mus. Akwai masu kiwon ciyawa zalla, kamar saniya. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu haɗa ciyawa da ganyen itace gwargwadon abin da lokaci ya kawo, kamar akuya da jar barewa. Ka ga ke nan abin da ya ƙosar da saniya ba lalle ne ya ƙosar da barewa ba.

Fasali na biyu: shekara da lokatanta huɗu

Lokatan shekara a can ba irin namu ba ne. Su ne waɗanda ka karanta a littattafan Larabci: rabi'i, saifi, harifi da shita'i. Abin da ke juya su shi ne tsawon yini. A Kano, bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A arewacin Sikotlan kuwa, yini yakan haura awa 17 a watan Yuni, ya koma ƙasa da awa 7 a Disamba. Jikin barewa da wannan agogo yake aiki.

Lokacin rabi'i, daga Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin toho. Kada ka ɗauke shi kamar bazararmu mai zafi da fari, ya fi kama da farkon damina. Ɗanyen toho yakan ƙunshi furotin, watau abin gina jiki, har kashi 20 cikin ɗari ko fiye, in an auna shi bayan an busar. Barewa ta fito daga sanyi a rame, sai ta duƙufa a kansa. A wannan lokaci ne kuma cikin mace ke tsufa. Jar barewa takan ɗauki ciki kusan wata takwas, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, daidai sa'ad da abinci ya wadata.

Lokacin saifi, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin ƙoshi ne, amma kuma lokacin babban aiki. Uwa tana shayarwa, kuma shayarwa ta fi ɗaukar ciki cin jiki. Namiji shi kuma yana gina ƙaho.

Lokacin harifi, daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ne kakarsu. Barewa mai farar wutsiya takan koma ƙarƙashin itatuwan ok, waɗanda Larabawa ke kira "ballut", tana tsintar 'ya'yansu da suka zubo. Furotin ɗinsu kaɗan ne, amma suna sa kitse, kitsen nan kuwa shi ne rumbunta. Tun ran gini tun ran zane: wadda ta shiga sanyi ba kitse, da wuya ta ga ƙarshensa. Sai dai mazan jar barewa su kan yi akasin haka. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba lokacin barbara ne, namiji yana ruri, yana karo da 'yan'uwansa, yana tsare garken mata, ba ya ko samun sukunin kiwo. Yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ya shiga sanyi a haka. Shi ya sa in sanyi ya yi tsanani, maza da 'ya'yan bana su ne a gaba wajen mutuwa.

Lokacin shita'i, daga Disamba zuwa Fabrairu, a wasu wurare har Afrilu, shi ne lokacin wuya. Abin da ya rage sai busasshiyar ciyawa, da kan ƙirare, da ɓawon itace, da ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa. To, a nan ga abin mamaki. Da yini ya fara gajarta, sai sha'awar abinci ta ragu a jikin barewa da kanta. An jarraba wannan ga waɗanda ake tsare da su a shinge, abinci na gabansu a zube, amma duk da haka suka rage ci. Masu bincike a Ostiriya, ƙarƙashin jagorancin Walter Arnold, sun nuna a shekarar 2004 cewa jar barewa takan rage bugun zuciyarta a lokacin sanyi, ta bar ƙafafunta da fatar jikinta su huce, musamman da dare, don ta yi tattalin kitsenta. Watau kamar mai gida ne da ya ga hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sai ya rage awo tun kafin ya ƙare. Saboda haka duk abin da ya firgita ta ya sa ta gudu a wannan lokaci, ko kare ko mutum, daga kwanakin da suka rage mata yake ɗiba.

Ita kuwa barewar ƙanƙara tana da nata abinci na musamman, wani tsiro mai kama da gansakuka da ke shimfiɗe a ƙasa da kan duwatsu, ana ce masa laiken. Takan tona dusar ƙanƙara da kofato ta kai gare shi. Yana ba da ƙarfi, amma furotin da ma'adinai kaɗan ne a cikinsa, kuma in an cinye shi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya komo. Ga misalin abin da hakan ke jawowa. A shekarar 1944 aka kai barewar ƙanƙara 29 wani tsibiri mai suna Sent Matiyu a tekun Bering, yamma da Alaska. Ba kerkeci a tsibirin, ba maharbi. A 1957 sun kai 1,350, a 1963 sun kai 6,000, sun kuma cinye laiken ɗin tsibirin. Sai aka yi wani mugun sanyi a ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964. Da masani David Klein ya koma a 1966, guda 42 kaɗai ya tarar da rai.

Fasali na uku: ƙahon da ake ginawa kowace shekara

Yanzu mu zo ga ma'adinai. Abin nufi da ma'adinai a nan shi ne sinadaran da tsiro ke zuƙowa daga ƙasa, dabba kuma ta same su daga tsiro. Jiki ba ya iya ƙirƙirar su. In babu su a ƙasa, to babu su a ganye, babu su a jini.

Manya biyu daga cikinsu su ne kalsiyam da fosforas, waɗanda ake gina ƙashi da su. Namijin jar barewa yakan yar da ƙahonsa a Maris ko Afrilu. Nan da nan sabo ya fara tsirowa, a lulluɓe da wata fata mai laushi mai jijiyoyin jini. A tsakiyar girmansa yakan ƙaru da kamar santimita 2 a yini guda, abin da babu wani ƙashi na dabba mai shayarwa da ke yi. Zuwa Agusta ya ƙosa, fatar ta bushe, dabbar ta goge ta a jikin itace. Busasshen ƙaho, wajen kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa kalsiyam ne, wajen kashi 10 kuma fosforas. Ƙahon babban mus kuwa yakan haura kilo 20. Ka duba fa, duk wannan a cikin wata huɗu ko biyar, kuma baɗi a sake.

Ganye kaɗai ba ya isar da wannan buƙata a ɗan lokacin nan. To, daga ina cikon ke fitowa? Daga jikin dabbar kanta. Jiki yakan ranto kalsiyam da fosforas daga haƙarƙari da wasu ƙasusuwa, ya kai su ga ƙaho, har haƙarƙarin ya yi sako-sako. Bayan ƙaho ya ƙosa sai a biya bashin daga abinci. Haka ita ma uwa mai shayarwa take ranta daga ƙashinta ta zuba a nono.

Inda ƙasa ba ta da wadatar waɗannan ma'adinai, sai barewa ta nemi wata hanya. Takan tauna tsofaffin ƙahonin da aka yar, da ƙasusuwan mushe. Akwai wani tsibiri a yammacin Sikotlan mai suna Rum, inda tun farkon shekarun 1970 masana irin su Tim Clutton-Brock da Fiona Guinness suka fara bin jar barewa ɗaya bayan ɗaya, daga haihuwa har mutuwa. Ƙasar tsibirin ba ta da albarka sosai, ruwan sama ya wanke ta. A lokacin sanyi barewar wurin kan gangara bakin teku ta ci ciyawar teku da igiyar ruwa ta watso. A shekarar 1988 kuma masanin tsuntsaye Robert Furness ya ba da labarin abin da ya fi wannan ban mamaki. Akwai wasu tsuntsayen teku da ke sheƙa a ramuka a kan duwatsun tsibirin. In 'ya'yansu suka fito bakin rami gab da fara tashi, sai barewa ta kama su, ta cire kai, ta tauna ƙasusuwan ƙafa da na fiffike, ta bar naman. Ƙashin take nema. Makiyayi ba zai yi mamaki ƙwarai ba, domin ya san saniya ma takan tauna ƙashi da rani, kuma alama ce ta ƙarancin fosforas.

Fasali na huɗu: yunwar gishiri

Ma'adini na uku shi ne sodiyam, wanda shi ne jigon gishiri da kanwa. Jini da jijiya ba sa aiki sai da shi, amma yawancin tsirran tudu ba sa tara shi. Kana iya zaton barewa ta fi neman gishiri a lokacin yunwa. A'a, ta fi nemansa a lokacin toho da farkon saifi, sa'ad da abinci ya fi yawa. Dalili kuwa shi ne, ɗanyen toho cike yake da ruwa da wani ma'adini mai suna fotasiyam. Jiki na ƙoƙarin fitar da rarar fotasiyam da ruwan nan ta fitsari da zawo, sai sodiyam ya bi su ya fita. Ga kuma nono da sabon ƙaho, kowanne na neman rabonsa. Shi ya sa a wannan lokaci za a ga barewa na yin tafiya mai nisa zuwa wuraren da ƙasa ko idon ruwa ke da gishiri, tana lasa, har tana cin ƙasar.

Mus yana da tasa dabara. A tsibirin Ayil Royal da ke cikin tafkin Sufiriya a Amurka, masu bincike sun gano cewa tsirran cikin ruwa sun fi na tudu sodiyam ninkin-ba-ninkin. Sai mus ya shiga tafki da rani, ya nutsa kansa yana cin su, ya tara abin da zai kai shi wata shekara. Ɗan Adam kuma ya ƙara wata masifa ba da niyya ba. A Kanada ana zuba gishiri a kan tituna don ya narka ƙanƙara. Gishirin yakan taru a kududdufan gefen hanya, mus ya zo sha, mota ta yi karo da shi, a yi hasarar dabba, wani lokaci har da ran mutum. A shekarar 2020 sai da hukumar gandun dajin Jasfa ta kafa alluna tana gargaɗin direbobi kada su bar mus ya lashi motocinsu.

A nan ne labarin ya haɗu da abin da ka sani. Kanwar da ake jiƙa wa shanu da dawaki, da kantun gishirin Bilma da ake ajiye wa dabbobi su lasa, duk wannan buƙata suke biya. Haka nan tafiyar da Buzaye da Fulani ke yi da dabbobinsu zuwa yankin Ingal a Nijar a ƙarshen damina, inda ruwa da ƙasa ke da gishiri. Ka lura, bayan dabbobi sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa ake yin ta. Makiyaya sun gane wannan tun kafin a san sunan sodiyam.

Akwai kuma ma'adinan da jiki ke so ɗan mitsitsi, amma rashinsu na kisa. In jan ƙarfe ya yi ƙaranci, jar barewa takan kamu da ciwon da ke sa ƙafafun baya su riƙa tangaɗi. In seleniyam ya yi ƙaranci, tsokar jarirai takan lalace su kasa tsayawa su sha nono. A arewacin Kalifoniya an jarraba ba iyaye mata na daji seleniyam, sai adadin 'ya'yan da suka rayu har yaye ya ninka fiye da sau biyu, kamar yadda aka bayyana a 1994.

Tanbihi: taimakon da ke zama cuta

Mai tausayi zai ce, to, tun da haka ne, a kai musu masara da sanyi mana, a kuma ajiye musu dutsen gishiri. Mutane da yawa a Amurka da Turai suna yin haka, wasu don jinƙai, wasu maharba ne masu son ƙaho ya yi girma. Amma akwai haɗari biyu.

Na farko, ka tuna da halittun cikin tumbi. Barewar da ta yi wata biyu tana cin ƙirare, tumbinta ya saba da ƙirare. In ta sami tulin masara ta cika ciki, sai masarar ta yi tsami a tumbi, tsamin ya kashe halittun da ke narka ganye, ya ƙona bangon tumbin, ya shiga jini. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai a tsinci gawarta, ciki cike da abinci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, wurin lasa ɗaya yakan tara dabbobi da yawa, kowace ta bar miyau da fitsari da kashi. Akwai wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, ta rame har ta mutu, ba ta da magani ba ta da rigakafi. An fara lura da ita a jihar Kolorado a 1967, ta kuma bazu a jihohi da yawa na Amurka da Kanada. Abin da ke kawo ta yakan zauna a ƙasa shekara da shekaru, an kuma same shi a wuraren lasar gishiri a jihar Wiskonsin. Da ta ɓulla a Norwe a 2016, sai da hukuma ta sa aka harbe garke guda sukutum na barewar ƙanƙara, fiye da 2,000, a yankin Nodfiyela, aka kuma killace wuraren lasa. Saboda wannan ne jihohi da dama suka hana ajiye wa barewa abinci ko gishiri a inda cutar take. Game da girman ƙaho kuwa, abin da masana suka tabbatar shi ne shekarun dabba, da kyawun abincinta gaba ɗaya, da gado, su ne ke hukunta shi. Abin da ya fi amfanar barewa shi ne a kiyaye dajin da take kiwo, kada kuma yawanta ya fi ƙarfin abincin wurin.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, ga abin da za ka ɗauka ka yi aiki da shi a gida. In an sayo rago daga ƙauye, wanda ya saba da kiwon daji, kada a cika masa kwano da dawa ko masara ko ragowar tuwo a rana ɗaya don ana son ya yi ƙiba da wuri. A fara da kaɗan, a haɗa da harawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har mako biyu ko uku. In ka ga akuya na cin ƙasa, ko tana lasar bango, ko saniya na tauna ƙashi, kada ka kai mata duka, jikinta ne ke neman abin da ya rasa. A ba ta gishiri ko kanwa daidai kima, da ruwan sha wadatacce, in abin ya ci gaba a nemi malamin dabbobi. In kuma annoba ta shigo gari, kada a haɗa dabbobin gidaje dabam-dabam a kan kwano ɗaya ko dutsen lasa ɗaya.

Ga aikin da za ka yi kafin fitowa ta gaba: ka tambayi wani dattijo makiyayi a unguwarku, a wane wata ne dabbobinsa suka fi neman kanwa, sa'an nan ka gwada amsarsa da abin da ka karanta a fasali na huɗu. Sai mun sake saduwa. Wassalam.